Katin ɗan ƙasa: yadda ake samun shi, yadda ake sake shi in ya ɓace, da abin da yake ci



Da zarar hatsi ya shiga rumbu, motocin da ke tashi daga Dogon Dutsi zuwa Yamai, Ƙwanni, Gaya da ƙetaren iyaka sukan cika da masu tafiya cin rani. A lokacin ne kuma mutane da yawa ke tuna cewa katinsu na ɗan ƙasa ya ɓace, ko ya mutu, ko ma ba su taɓa yin shi ba. Sai a shiga gaggawa, a sayar da wake da araha, a nemi wanda ya san wani a birni. Alhali ba a fafe gora ranar tafiya.

Kuɗin katin kansa kaɗan ne. Abin da ke cinye ma talaka dukiya shi ne rashin takardar haihuwa, kuskuren suna, ƴan tsakiya, da jira har ranar da buƙata ta matsa. Ga bayanin daki-daki, don mutanen Lugu da Bagaji, Dankasari, Matankari, Dogon Kiriya, Sukukutan, Tibiri, Dumega, Kore Mai Ruwa da sauran garuruwanmu.

Mi katin ke yi ma mutum?

Katin ɗan ƙasa, wanda wasu ke ce ma dantite, shi ne shaidar da hukuma ta yarda da ita cewa kai ne wane ɗan wane, ɗan Nijar. A gari kowa ya san ka, ya san ubanka da kakanka. Amma da ka hau kwalta, jandarma ko ɗan sandan da ke kan shinge bai san gidanku ba, takarda yake tambaya. Kuma tun da matsalar tsaro ta ƙaru, bincike bisa hanya ya ƙaru. Mara kati shi ake saukewa daga mota, shi ke ɓata ma sauran fasinja lokaci, wani sa'in motar ta tafi ta bar shi.

Ba tafiya kaɗai ba. Layin waya, ko na Airtel ne, ko Moov, ko Zamani, ko Niger Telecom, da shaidar mutum ake rajistarsa. Kuɗin da ɗan'uwa ya aiko ta Nita, Amana ko Al Izza, da kati ake amsa. Buɗe asusu a banki ko a asusun bashi, shiga jerin masu samun tallafi, neman aikin soja ko na koyarwa, neman fasfo na aikin hajji, duk kati ne ƙofa.

Tushen komi: takardar haihuwa

Ba a yin kati da baki. Abin da aka rubuta cikin takardar haihuwa shi ake kwafewa a sa bisa kati. Don haka wanda bai da ita, daga nan aikinsa ke farawa.

Dokar da ke tafiyar da rajistar haihuwa, aure da mutuwa a Nijar ita ce doka mai lamba 2019-29 ta ranar 1 ga Yuli 2019. Ta ba iyaye kwana 60 su bayyana haihuwar ɗa. Cikin wannan wa'adi bayyanawa kyauta ce. Ana yin ta a likitar da aka haihu, ko wurin wanda ke riƙe da littafin bayyanawa a gari in an haihu a gida. Daga nan takardar ta wuce meri, wato ma'aikatar magajin gari, inda ake rubuta ta cikin babban littafi, a sa hannu, a ba iyaye tasu.

A nan ne mutane da yawa ke tuntuɓe. Ƴar takardar da ungozoma ta ba ku a likita, da katin awo ko na rigakafi, ba su ne takardar haihuwa ba. Sai wadda ta fito daga meri da lamba da hatimi. Takardu da yawa na kwance a meri shekara da shekaru, an gama su, ba wanda ya zo amsa. Uba ya yanka ragon suna, ya ciyar da gari, amma bai taka zuwa meri ba. Ranar da yaro ya kai jarrabawar BEPC sai a fara neman takarda ido rufe.

Wanda kwana 60 suka wuce shi

Yawancin manyanmu a gida aka haife su, ba wanda ya rubuta. Wannan ba ya hana mutum samun takarda, sai dai hanyar ta bi ta gaban alƙali. Ana zuwa gidan shari'a da shaidu biyu da suka san haihuwar mutum, su ma riƙe da katinsu. Alƙali ya saurare su, ya yanke hukuncin da ke tabbatar da suna, iyaye, wuri da shekarar haihuwa. Wannan takarda ce a ofis suke ce ma jugement déclaratif, wasu su ce jugement supplétif. Bayan hukunci sai a kai shi meri a shigar da shi cikin littafi. Daga nan darajarsa ɗaya da takardar wanda aka rubuta tun yana jariri.

Wannan hanya tana da kuɗin tambur, tana da kuɗin mota na mutum uku, kai da shaidunka, da abincinsu na yini. Shi ya sa ya kamata a riƙa kasa kunne ga zaman shari'a na tafi-da-gidanka, wanda alƙalai ke fitowa su yi a cikin kwamin-kwamin, galibi da tallafin hukuma da abokan aikinta kamar UNICEF. A irin wannan zama akan yi ma jama'a takardu kyauta. In kun ji mai gari ko magajin gari ya yi shela, ku fito da mata da yara da tsofaffi gaba ɗaya. Kar a ce sai an gama sussuka, don alƙali ba ya daɗewa a wuri guda.

A kwamisariya

Da takardar haihuwa ko ta alƙali a hannu, sauran aikin mai sauƙi ne. Katin da muka saba da shi, na takarda mai kauri da hoto da shaidar yatsa, ƴan sanda ne ke ba da shi a kwamisariya, ga wanda ya kai shekara 18. Mutanen jihar Dogon Dutsi, kwamisariyar garin ce wurinsu. Na ɓangaren Tibiri, wadda ta zama jiha mai kanta a 2011, su fara tambaya a merinsu inda ya fi kusa da za su je, kafin su biya kuɗin mota.

Abin da za ka riƙe: takardar haihuwa ta asali da kwafinta, hotunan kati sababbi, da kuɗin hukuma. Tsohon kati, in akwai, a tafi da shi. Wanda ke da takardar shaidar zama ɗan ƙasa, wadda alƙali ke bayarwa, ya haɗa da ita, musamman in a wata ƙasa aka haife shi. Ita ce kuma ake nema ranar yin fasfo.

Kai da kanka za ka je. Ba a aike, don yatsanka za a dangwala, fuskarka za a duba a gwada da hoto. Duk wanda ya ce ka ba shi hoto da kuɗi ka zauna gida ya kawo maka kati, ka ji tsoron abin da zai kawo. Ku tuna kuma ranar Juma'a ana tashi aiki da wuri, Asabar da Lahadi ofis a rufe yake. Mai fitowa daga nesa ya zaɓi farkon mako, ya yi sammako.

Nawa ne?

Kafin zuwan katin zamani, kuɗin hukuma na katin da aka saba jika 2 ne, wato dala ɗari huɗu, sefa 2.000. Katin yana aiki shekara 5. In aka raba, bai kai dala ɗari a shekara ba.

To mi ya sa mutane ke cewa kati na da tsada? Saboda abin da ke kewaye da shi. Akwai kuɗin mai hoto da na fotokopi. Akwai tambur in an buƙaci a buga ma kwafi hatimin meri. Akwai kabu-kabu daga gari zuwa bakin hanya, da mota zuwa Dogon Dutsi da dawowa. Ga mutumin Lugu ko Dogon Kiriya, sau da yawa kuɗin hanya ya fi kuɗin katin. In aka manta takarda guda a gida, tafiya ta zama biyu, kuɗi ya ninka. In kuma kati bai fito ranar ba, ga kwana a birni ko wata dawowar.

Sai kuma kuɗin da babu shi a kowace doka: na ɗan tsakiya. Shi ne wanda ke tare ka a bakin ƙofa, ya ga alamar daga ƙauye kake, ya ce layi da tsawo amma shi ya san hanya. Abin da zai amsa ya fi na hukuma, kuma bai ba ka resi. Ku wuce shi ku shiga ciki, ku tambayi ma'aikacin da ke zaune a teburi. Kowane kuɗi kuka biya, ku nemi resi ko ku ga tambur ɗin da aka manna. Tambayar resi ba rashin kunya ba ce.

Dabarar da ke rage nauyi ita ce haɗa kai. Mutanen gari guda su haɗu su ɗauki mota ɗaya, wani mai karatu daga cikinsu ya duba takardun kowa tun a gida, a tabbatar ba abin da ya rage. Malamin lakwal ko sakataren mai gari na iya yin wannan dubawa cikin yamma guda.

In kati ya ɓace, ya lalace ko ya mutu

Ɓacewa iri-iri ce. Wani a kasuwa aka zare mashi alabe. Wani gobara ta cinye ɗaki. Wani gara ta shiga akwati. Ambaliyar damanar 2024, wadda ta shafi mutum fiye da miliyan ɗaya a Nijar, ta tafi da takardun gidaje masu yawa tare da bangon ɗakuna.

Abu na farko, kar a yi shiru. A je kwamisariya ko wurin jandarma mafi kusa a bayyana ɓatan, a amshi takardar shaidar ɓata. Amfaninta biyu. Tana nuna ma jami'i bisa hanya cewa ka sanar da hukuma kafin ka sake wani. Tana kuma kare ka in katin ya faɗa hannun mugu. Wanda ya tsinci katinka na iya rajistar layin waya da sunanka, ya yi damfara ko barazana da shi, ranar bincike ƙofarka za a ƙwanƙwasa. Takardar da ke ɗauke da ranar da ka bayyana ɓatan ita ce mai fitar da kai.

Na biyu, a yi cigiya: a tasha, wurin sarkin kasuwa, a masallaci, a rediyo. Katuna da yawa na hannun direbobi da masu shago suna jiran masu su. Wanda ya tsinci katin wani shi ma ya kai shi kwamisariya ko wurin mai gari, kar ya ajiye yana jiran tukuici.

Na uku, in bai fito ba, a koma kwamisariya da takardar ɓata, takardar haihuwa, hotuna da kuɗin hukuma, a sake sabo. Wanda nashi ya yage, ko hoton ya goge, ko shekara 5 ɗin suka cika, hanyarsa ɗaya, sai dai shi tsohon katin zai kai maimakon takardar ɓata. Ku juya katinku yau ku duba ranar da aka yi shi. Da yawa na yawo da mataccen kati ba su sani ba, sai a gaban mai biyan kuɗi.

In takardar haihuwar ma ta tafi, ba a koma gaban alƙali a sake wata da sabuwar shekara. Asalinta na nan cikin littafin merin da aka rubuta ta, ana iya fitar maka da kwafi. Abin da ke sauƙaƙe nema shi ne lambar takardar da shekarar da aka yi ta. Ku rubuta su a wani wuri dabam. Ku ɗauki hoton takardar da na katin, gaba da baya, da waya, ku aika ma ɗan'uwa amintacce. Hoton waya ba ya zama kati a gaban jami'i, amma yana rage wahalar nema. Ta asali kuma a sa ta cikin leda a akwatin ƙarfe, a riƙa yawo da kwafi.

Suna guda, shekara guda

Babu abin da ke ɓata ma mutanenmu lokaci kamar saɓanin suna. A gida Mamman ne, a lakwal an rubuta Mamane, a takardar haihuwa Mahamadou, ɗan'uwansa na Legas kuma ya aiko kuɗi da sunan Muhammadu. Mai biyan kuɗi harafi yake dubawa. In sunan da aka aiko bai yi daidai da na kati ba, yana da hujjar ƙin biya.

Don haka kafin ka bar teburin ma'aikaci, ka karanta abin da aka rubuta, ko ka sa a karanta maka da ƙarfi: sunanka, na uba, na uwa, gari, shekara. Gyara a wannan lokaci minti guda ne. Gyaran kuskuren da ya riga ya zauna cikin littafin meri kuwa sai an bi ta gidan shari'a.

Shekarar haihuwa ma haka. Tsofaffin takardu da yawa na ɗauke da kalmar vers, ma'ana wajen shekara kaza. Ba laifi ba ne, a bar ta yadda take a kowace takarda. Abin gudu shi ne rage shekaru don shiga aiki ko jarrabawa, har mutum ya tashi da takardu biyu masu faɗa da juna. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma yin ƙarya a takardar hukuma laifi ne da doka ke hukuntawa.

Mata ma da nasu

A gidaje da yawa maigida na da kati, uwargida babu. Ana cewa ina za ta je? Amma ita ce ke gida lokacin da shi yake Kwatano ko Abijan. Ya aiko kuɗin hatsi, dole a sa sunan ƙanensa ko na maƙwabci, a biya mai amsowa ladan tafiya, gari duka ya san nawa aka aiko. In rashin lafiya ta kama yaro aka tura su Doso ko Yamai, ita ce bisa hanya ba shaida. In maigida ya rasu, maganar gado da duk wata takarda ta marayu sai an tambayi shaidarta.

Sunan da za a sa mata shi ne na takardar haihuwarta, da na mahaifinta. Aure ba ya canza shi. Magidanta, kafin ku tafi bana, ku kai iyali su yi nasu. Ƙungiyoyin mata masu adashi ma na iya ware zubi guda don wannan.

Ƴan'uwa na waje

Ku da ke Najeriya, Benin, Togo, Gana, Kodebuwa, Libiya da Aljeriya, abu uku.

Na ɗaya, Nijar da Mali da Burkina Faso sun kammala fita daga CEDEAO ranar 29 ga Janairu 2025, ranar da aka ƙaddamar da fasfon AES. A lokacin CEDEAO ta sanar cewa ƙasashenta za su ci gaba da amincewa da fasfo da katunan ƴan ƙasashen uku masu ɗauke da tambarinta, da barinsu shiga da fita, har sai an ba da wata sanarwa. Ma'ana, takarda mai rai ta fi da muhimmanci. Kar ku bari taku ta mutu a hannunku. Ku kuma yi katin ofishin jakadanci a inda kuke zaune. Na arewacin Najeriya akwai ƙaramin ofishin jakadancin Nijar a Kano, ban da babban na Abuja.

Na biyu, ɗiyan da aka haifa a can. Ku yi masu takardar haihuwa ta ƙasar, ku kuma kai ta ofishin jakadancin Nijar a rubuta su. Tun 1999 uwa ƴar Nijar na ba ɗanta ƙasa kamar yadda uba ke bayarwa, kuma tun 2014 dokar Nijar ta yarda mutum ya riƙe ƙasa biyu. Yaron da uwarsa ƴar Matankari ce, ubansa ɗan Kangiwa ko Argungu, yana da haƙƙi a nan. Amma haƙƙin da ba a rubuta ba, wuyar nema gare shi ranar da aka dawo gida.

Na uku, lambar NIN ta Najeriya, mai alƙaluma 11, wadda hukumar NIMC ke bayarwa. Tun Disamba 2020 aka wajabta haɗa ta da layin waya a can. Rajistar farko kyauta ce, kuma baƙon da ke zaune bisa ƙa'ida na iya samunta a matsayinsa na baƙo. Ba ta maye katin Nijar, shi ma bai maye ta. Abin da za ku kiyaye shi ne faɗin gaskiya a duka biyun: suna guda, shekara guda, mahaifa guda. Na'ura yatsa take riƙewa, ba ta mantuwa.

Masu aiko da kuɗin a yi ma iyaye kati, ku aiko har da na mota da na shaidu, ku ce a ɗauko maku hoton katin da na resi in an gama.

Katin zamani

Nijar ta kama hanyar barin katin takarda zuwa na zamani, mai ɗauke da shaidar yatsu da fuska a na'ura. A watan Yuni 2025 gwamnati ta sa hannu kan yarjejeniya da wani kamfanin Libiya don yin fasfo da katin ɗan ƙasa irin wannan. Shi wannan kati wuyar jabu gare shi, kuma abin da aka shigar sau guda shi ke bin mutum.

A duk lokacin canji irin wannan ƴan damfara ke fitowa, wani da littafi yana rubuta sunaye, wani ta WhatsApp yana cewa a aiko kuɗin riƙe layi. Kuɗin sabon kati, wurin yin shi da ranar da za a zo yankinku, daga bakin prefe, magajin gari, mai gari ko kwamisariya kaɗai za ku ɗauke su. Kar kuma wanda ke da katin takarda mai rai ya yar da shi don ya ji labarin sabo.

Tsoho ne ko sabo, takardar haihuwa za a fara tambaya. Wanda ya gyara tata tun yanzu, da sunan da ya dace da shekarar da ta dace, ya gama rabin aiki. A wannan mako kowane maigida ya buɗe akwati ya ƙirga: mutum nawa ne a gidan, takardar haihuwa nawa ce, kati nawa ne ke da rai. Abin da ya rage a kai shi gaban mai gari, a san ranar tafiya meri.

Ku isar da wannan bayani ga waɗanda ba su karatu, a majalisa, a bakin rijiya da wurin suna. Allah Ya kai matafiya lafiya, Ya maido su da alheri.